Gargaɗi kan jitocin jabu da ake tallatawa da sunan Slash

Ana jan hankalin makaɗa da masu ɗakunan naɗar sauti da ke odar kayan kiɗa ta intanet da su yi hattara da wasu dillalai da ke tallata jitar Gibson Les Paul a Facebook da Instagram, suna manna hoton Slash, makaɗin jita na ƙungiyar Guns N' Roses ta Amurka, domin mai saye ya ɗauka da yawunsa ake cinikin.

Abin da ya sa wannan damfara take cin mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Tun a 2017 kamfanin Gibson ya naɗa Slash jakadansa, kuma a 2020 ya fitar da jerin jitoci masu ɗauke da sunansa. Sai dai Les Paul ta asali a birnin Nashville ake ƙera ta, kuma samfurin Slash ya fito ne a kan kusan dala 3,000, don haka duk wanda ya ce zai ba ka sabuwa fil a kan 'yan ɗaruruwan daloli, wai rarar kaya ce daga masana'anta, jabu yake shirin ɗora maka. Mai araha da kamfanin ya amince da ita sunan Epiphone take ɗauke da shi ɓaro-ɓaro a kanta, ba ta fakewa da sunan Gibson.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A watan Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jitocin Gibson na jabu fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi hoton kan jitar daga kusa. Akwai wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa a daidai inda tsirkiyoyi suka hau kai: na Gibson kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, yawancin na jabu kuwa uku ne. Ka kuma dubi ƙarfen da tsirkiyoyin ke zaune a kansa a jikin jitar, domin a jabu galibi za ka ga manyan kusoshi masu tsaga irin ta sukundireba. Lambar masana'anta da ke bayan kan jitar ba hujja ba ce ita kaɗai, tunda masu jabun kwafo ta suke yi daga hotunan jitocin gaske, takardar shaida ma buga ta suke yi.

Dillalin da ya ƙi turo waɗannan hotuna, ya koma matsa maka ka biya kafin alƙalami cikin asusun wani mutum saboda wai saura guda ɗaya, ka rabu da shi, ka kai ƙarar shafin nasa, sannan ka nemi dilolin da Gibson ya lissafa a shafinsa na intanet.