Daga Kazan: abin da za a sayo a gida, da wanda za a bari sai an iso

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Na ga jerin kayan da kuke shirin haɗa wa ƙanena kafin ya taso karatu a watan Satumba. Kafin ku shiga Kantin Kwari ku ɗan dakata, domin a Rasha lokacin shekara ne ke yanke wa mutum abin da zai saya, da ranar da zai samu ofis a buɗe.

Ku soke rigunan sanyin nan guda uku. An ɗinka su ne don hunturu irin namu, a nan kuwa Janairu kan kai digiri 20 ko 25 ƙasa da sifili, kogin Volga ya daskare har masunta su zauna a kansa su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Rigar da za ta ɗauki wannan sanyi, da takalmi mai gashi a ciki, sai a nan. Masu dabara kan jira ƙarshen Fabrairu ko Maris lokacin da shaguna ke karya farashi, amma shi ba zai iya jira ba, don haka a Oktoba zan kai shi, ko mu duba gwanjo a manhajar Avito. Ba zai wuni da ita a jiki ba. A jami'a da asibiti akwai ɗakin ajiye riguna a bakin shiga, ka miƙa taka a ba ka lamba, kyauta.

Bargo mai kauri dai a sa masa. Ɗumin ɗaki a nan ba mai gida ke kunna shi ba. Ruwan zafi ne ke tasowa daga tashoshin gari ta bututu, ya bi ta ƙarafunan da ke ƙarƙashin tagar kowane ɗaki, kuma ƙa'ida ita ce a sake shi idan matsakaicin yanayi ya sauka ƙasa da digiri 8 kwana biyar a jere. Saboda haka makonnin ƙarshen Satumba, daidai isowarsa, sun fi tsakiyar hunturu wahala a cikin ɗaki. A Janairu da singileti muke zama, har mu buɗe 'yar taga. Da bazara kuma sai a yanke ruwan zafin famfo unguwa-unguwa, kwana goma zuwa mako biyu, don gyaran bututu, ka ga babban malami yana dafa ruwan wanka a buta. Wutar lantarki ba a ɗauke ta, gas kuma da arha, kuɗin fitila mai caji da kuka ware ku ba shi ya riƙe.

Abinci ne ya fi bin lokaci. Agusta da Satumba kasuwa a cike take: kankana daga Astrakhan, tumatir, kokwamba, tuffa, kabeji, duk a wulaƙance. Iyalai da yawa suna da 'yar gona da ɗan gida a bayan gari da suke kira dacha, kuma za ka ga tsofaffin mata a bakin tasha suna sayar da rarar amfaninsu a bokiti. Sauran sukan jiƙa shi a ruwan gishiri cikin kwalabe, ko su dafa 'ya'yan itace da sukari, su adana har bazara ta zagayo. Wanda bai yi tanadi ba zai sayi tumatirin Janairu da tsada, ja a ido, salam a baki. Madara, burodi, dankalin Turawa da kaza kuwa ana samunsu kullum a manyan kantunan Pyaterochka ko Magnit, kuma farashi a rubuce yake, babu tayi babu albarka. Ku da kuka saba da ciniki, Kawu, da kun gundura a rana guda.

Gero akwai shi a kowane shago, rawaya ne, ba irin namu ba, amma yana yin kunu. Zoɓo ma akwai, a matsayin ganyen shayi suke sayar da shi. Tuwo da garin samolina muke tuƙa shi. Abin da babu shi ne kayan miya. A cika masa jaka da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa da yaji, domin mutanen nan ba sa cin barkono, abin da suke kira mai zafi ko yaron goye zai lashe. Kilishi kada a sa, kwastan ba sa barin naman da ba kamfani ne ya rufe shi ba.

Ta fannin nama ya yi sa'a da Kazan. Tatar, 'yan asalin wannan yanki na Tatarstan, galibi Musulmi ne, tambarin halal yana ko'ina, ga samosarsu mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, echpochmak, da arha a kowane kantin ɗalibai. Amma ya riƙa karanta takardar jikin kaya, musamman tsiran kanti da pelmeni (ƙullin fulawa mai nama a ciki), don sau da yawa da naman alade a ciki. Su Tatar ɗin kuma suna cin naman doki, busasshe, suna ji da shi ƙwarai. Ni dai har yau ban iya ba.

Sai bukukuwa. Babban bikin Rashawa shi ne sabuwar shekara. A zamanin Tarayyar Sobiyet an danne Kirsimeti, sai itacen ado da kyaututtuka suka koma daren 31 ga Disamba, har yau kuma a can suka tsaya. Ana cika tebur da lemon tanjarin da kwaɗon dankali mai mayonis, a saurari jawabin shugaban ƙasa, a jira agogon Kremlin ya buga sha biyu. Kirsimeti sai 7 ga Janairu, saboda cocinsu na bin tsohuwar kalanda da ke baya da kwana 13. Daga 1 zuwa 8 ga Janairu ofisoshin gwamnati a rufe suke ruf. Shaguna da motocin haya suna aiki, amma duk mai sabunta biza ko rajistar zama ya gama tun farkon Disamba. Haka farkon Mayu, tsakanin ranar ma'aikata da 9 ga wata, ranar tunawa da nasarar 1945 a Yaƙin Duniya na Biyu: gari kan watse zuwa dacha shukar dankali da gashin nama, tikitin jirgin ƙasa ya yi wuya.

Furanni a nan haja ce ta gaske. Ranar 8 ga Maris, ranar mata, da 1 ga Satumba da ake buɗe makarantu, kuɗinsu kan tashi, maza su yi layi. In zai ba malamarsa, ya ƙirga su zama mara, uku ko biyar, domin cika na makabarta ne. Kada kuma ya miƙa hannun gaisuwa ta kan dokin ƙofa, kuma ya cire takalmi in ya shiga gidan mutane, wannan dai ya saba.

Ƙaramar sallah da babba ranakun hutu ne a Tatarstan, abin da babu a Mosko. Masallacin Kul Sharif da ke cikin ganuwar Kremlin ta Kazan, wanda aka buɗe a 2005, kan cika ya batse. Rago ba a yanka shi a ƙofar gida, akwai wuraren da hukuma ta keɓe, ka biya a yanka a gyara maka. Lokutan salla ne za su rikita shi da farko. A Disamba magariba kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku na rana, a Yuni kuwa rana kan fito wajen ƙarfe uku na dare, shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto. Tun a 922 matafiyi Ibn Fadlan na Bagadaza, da ya zo ƙasar Bulgar da ke kudu da nan, ya rubuta labarin gajartar darensu. Shi ƙanen nawa dai ya bi jadawalin masallacin unguwa kawai.

Maganar kuɗi: tun 2022 katin Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a Rasha, don haka katinsa na gida ba zai cire masa ko kwabo ba. Ya zo da dala a hannu, sababbi, marasa rubutu ko yagewa, domin bankuna kan ƙi tsofaffi ko su rage musu daraja. In ya iso za mu buɗe masa asusu da katin Mir, irin na bankunan Rasha. Layin waya ma yanzu baƙo sai ya yi rajistar fuska da murya kafin a ba shi, saboda haka in kun ji shi shiru a makon farko, ku neme shi ta lambata. Ku turo mini ranar da jirginsa zai sauka Mosko da wuri, in saya masa tikitin jirgin ƙasa na dare zuwa Kazan. A gaida Gwaggo da yara.