Wata shida tare da kamfanin tallata lauyoyi a Jidda

Ni lauya ne haifaffen Makka, kuma ƙaramin ofishina yana Jidda, inda mafi yawan aikina shari'ar ma'aikata ce da rigingimun bashi da na haya. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noma yana tara guzuri kafin ya tsallake Bahar Maliya, saboda haka Hausa ce harshen gidanmu, Larabci kuwa na makaranta da kotu. Shekara da shekaru masu ƙara suna zuwa mini ne ta bakin wanda na taɓa yi wa aiki, har na lura cewa ƙannena a sana'a, waɗanda suka karɓi lasisi jiya jiya, sun cika X da Snapchat, jama'a kuma su suke nema. Wannan ne ya sa na ƙulla yarjejeniyar wata shida da wani kamfani da ke tallata lauyoyi da likitoci, a kan kuɗin da ya kusa hayar ofishina ta wata uku.

Sun ɗauki nauyin ɗaukar hoto da bidiyo, da kula da shafukana, da kuma horo sau ɗaya a mako ta intanet. Ɗaukar hoton ba shi da aibi, kuma shafina na LinkedIn ya gyaru ƙwarai, amma ba a nan amfanin yake ba.

Horon ne ya biya kuɗinsa. Bidiyon da na fara yi musu ya kai minti huɗu, na buɗe shi da sunan doka da lambar sashe kamar ina gaban alƙali. Malamar da ke horar da mu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "Ustaz, wanda zai kalle ka an kore shi daga aiki ne jiya, bai yi barci ba. Fara da tambayar da ta hana shi barci." Daga ranar na koyi ɗaukar tambaya ɗaya tak, in amsa ta cikin minti guda, in ajiye lambar sashe zuwa ƙarshe. Ta kuma tilasta mana karanta sababbin dokoki da idon mai koyarwa, abin da ya amfane ni har a cikin kotu, domin shekarun nan dokokin ƙasar sun sauya da sauri: Dokar Shaida da Dokar Iyali sun fara aiki a 2022, Dokar Mu'amalolin Jama'a ta biyo baya a 2023. Wanda zai bayyana wa direba cewa saƙon waya yana iya zama hujja a gaban alƙali, dole ne ya fara fahimtar babin shaidar zamani da kansa.

Saɓaninmu na farko a kan harshe ne. Na ce ina son wasu bidiyoyin da Hausa, suka nuna mini cewa na Larabci ne ke kawo mabiya, rahotonsu na wata wata kuwa duk lissafin mabiya ne da yawan kallo. Da na nace, sai suka zuba rubutuna a na'urar fassara, suka kawo mini wata Hausa da ko a Shari'a Mansur, titin nan na Makka inda ake jin kowane irin karin harshe, ba wanda zai gane ta. Na karɓi aikin a hannuna, na riƙa zama bayan la'asar ina magana da bakina, su kuma suna yankawa suna sa rubutu.

Bidiyon farko na Hausa a kan kuɗin sallama ne. Na bayyana cewa Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka; cewa wanda ya ajiye aiki da kansa yana samun kashi ɗaya cikin uku idan ya yi shekara 2 zuwa 5, kashi biyu cikin uku daga nan zuwa 10; kuma cewa bayan wata 12 da rabuwa da wurin aiki kotu ba ta sauraron ƙarar sai da uzuri karɓaɓɓe. A ma'aunin kamfanin bidiyon bai yi abin kirki ba. Sai dai ya bar TikTok ya shiga WhatsApp, inda ba su da hanyar ƙirga shi, ya riƙa yawo daga zauren 'yan uwa zuwa na maƙwabta.

Bayan mako biyu wani dattijo ya shigo ofishina, takardunsa a cikin baƙar leda, an naɗe su da roba. Na nemi izininsa kafin in ambaci wannan. Ya yi shekara bakwai yana aiki a wani sito, aka sallame shi hannu wofi, kuma wata goma sun riga sun wuce. 'Yarsa ce ta tura masa bidiyon. Ya ce: "Ɗana, ni na ɗauka sadaka ce, in sun ga dama su bayar." Na ce: "Baba, haƙƙinku ne, albashin wata huɗu da rabi, kuma saura wata biyu ƙofa ta rufe." Washegari muka shigar da buƙatar sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago, wanda shi ne matakin farko kafin a kai ga kotun ma'aikata, aka kuwa gama magana a wurin sulhun.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a wata na huɗu. Wani ma'aikacin kamfanin tallan ya ga kwafin hukunci a kan teburina ranar ɗaukar hoto, ya ɗauke shi da wayarsa, ya shafe rabin sunan mai ƙara, ya rubuta a sama cewa duk wanda ya zo wurina nasara tabbas ce, sannan ya jera shi cikin abin da za a saki ranar Lahadi. Allah ya sa na duba jadawalin daren Asabar. Ƙa'idojin ɗabi'ar lauyoyi da Ma'aikatar Shari'a ta fitar a 2021 sun bar mana damar talla, amma ba tallan da ke yaudara ko mai tona sirrin wanda ya ba mu amana ba, ga kuma Dokar Kare Bayanan Mutane da ta fara aiki a 2023. Ko da babu doka, Hausawan Jidda da Makka sun san juna ciki da bai. Rabin suna da sunan unguwa sun isa a gane mutum kafin isha'i. Sun ba da haƙuri, sun goge hoton a gabana, amma na fahimci cewa ma'aikatansu sun saba tallan gidan abinci da shagon turare, ba wanda ya taɓa zaunar da su a kan abin da lauya ba ya faɗa. Kamfanin da ya rubuta kalmar lauyoyi a allonsa bai kamata ya bar wannan giɓi ba.

Ga abokin sana'a da ke tunanin irin wannan hidima, shawarata ita ce ya sayi horon, ya riƙe kalmar sirrin shafukansa a hannunsa, kuma ya sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba abin da zai fita sai ya gani ya amince. Ni da wa'adin ya cika na sabunta horon kaɗai, na sallami masu kula da shafi. Yanzu ɗan yayata ne ke riƙe mini waya duk ranar Talata, muna ɗaukar bidiyo biyu, ɗaya da Larabci ɗaya da Hausa, kuma na mako mai zuwa a kan yadda ake shigar da ƙara ta Najiz ne, manhajar Ma'aikatar Shari'a, domin mutum shida suka tambaye ni shi a watan nan.