Hobbes da Spinoza a kan kyau da muni: ina suka rabu?

Malam, ka tambaya ko bakin Hobbes da Spinoza ɗaya ne, tunda ka ji an ce dukansu sun rataya kyau da muni a kan son rai. Tare suka tashi, amma ba gida ɗaya suka sauka ba.

Thomas Hobbes, mutumin Ingila, ya rubuta a littafinsa Leviathan na 1651 cewa abin da ran mutum ya so shi yake kira mai kyau, wanda ya ƙi kuma mummuna. A jikin abin kansa babu ma'auni. Spinoza, Bayahuden Amsterdam da aka haifa a 1632, kusan haka ya faɗa: son da muke wa abu ne ke sa mu ce yana da kyau. Ya buga misali da kiɗa, wanda ke amfanar mai ƙuncin rai, ya cutar da mai makoki, kurma kuwa ko oho.

To idan kowa da nasa, wa zai raba gardama? A nan hanya ta rabu.

Hobbes ya tsere zuwa Paris a 1640, yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsa a 1642, aka sare kan Sarki Charles na ɗaya a 1649. Wanda ya ga haka, tsoron fitina ba zai bar shi ba. Sai ya ce mutane su miƙa wuya ga mai mulki guda, dokarsa ta zama ma'aunin kowa, don in an bar wa kowa hukuncinsa, kowa zai zama abokin gabar kowa.

Spinoza bai ƙi hukuma ba, amma hankali ya ba alƙalancin. A wurinsa mai kyau shi ne abin da muka tabbatar yana amfanarmu, kuma babu abin da ya kai fahimta amfani. Son rai kan yi kuskure ke nan: mashayi yana son giyarsa, tana kuwa rage masa ƙarfi. Spinoza mutum ne da jama'arsa Yahudawa suka kore shi a 1656, ya koma sana'ar goge gilasan hangen nesa, don haka ban yi mamakin yadda ya kare 'yancin tunani ba. Ni dai nasa ya fi kwanta mini, domin na Hobbes ya rage wa talaka bakin cewa doka ta yi zalunci.

Wanda ya karanta ilimin kalam, wato muhawarar aƙida a Musulunci, zai tuna saɓanin Ash'ariyya, masu cewa shari'a ce ke tabbatar da kyau da muni, da Mu'utazila, masu cewa hankali na iya gano su. Akwai kama, sai dai can zancen umarnin Allah ake yi. Wanda ya fi kusa da Mu'utazila a Turawan zamanin shi ne Ralph Cudworth na Cambridge, da ya yi wa Hobbes raddi cewa kyau da muni tabbatattu ne, umarnin wani ba ya juya su.