Hutun Maris a cikin bas: Damagaram, Maraɗi, Madawa, Ƙwanni

Malamin makaranta ba ya zaɓen lokacin zumunci, kalandar ma'aikatar ilimi ke yanka masa. Babban hutu cikin damina yake faɗowa, bayan an gama da mu wajen tsaron jarrabawar BEPC da gyaran takardu, lokacin kuma duk wanda za ka je wa yana gona. Na Disamba bukukuwan aure sun cinye shi tun bai zo ba. Saura na ƙarshen Maris, tsakiyar bazara, sa'ad da mai hankali ke neman inuwa. Shi na ɗauka bana, ni da autana, muka yi yamma: Maraɗi wajen ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare a nan Damagaram, Madawa wajen gwaggona, sai Birnin Ƙwanni inda aiki ya kai ƙanena. Niyyata in bi kamfanin bas guda, tafiya da dawowa, in ga ko ya ci kuɗin da yake karɓa. Ba zan kama sunansa ba, tunda da yabo da ƙorafi na zo, kuma wanda ya saba da hanyar ya san manyan kamfanonin nan halinsu bai yi nisa da juna ba.

Tun jajibiri ake yankar tikiti. Na je tasharsu bayan la'asar da katin shaidata, yarinyar da ke kan kwamfuta ta rubuta suna da lambar waya, ta tambaye ni inda nake son zama. Na ce ko'ina. Ta ce, "A'a Malama, ɗauki hannun dama, in za ki yamma rana ta fi dukan na hagu." Gaskiyarta kuwa. Auta na biya masa kujerarsa cikakka, don yaron da ya shiga aji ɗaya ya wuce a riƙe shi a cinya har Maraɗi. Kaya ma a ranar aka auna, aka manna wa kowace jaka takarda mai lamba, aka ba ni rabinta. Tsarabata ba ta da nauyi: alkaki, dabino, da takalman fata da na sayo wa Gwaggo a Kasuwar Dole. Ba su karɓi ko dala a kai ba.

Motar Yamai kafin asuba take tashi, saboda kilomita kusan 900 ne a gabanta. Wanda ke unguwa mai nisa ya shirya da mai adaidaita tun dare, ya kuma kira shi ya tashe shi, in ba haka ba da ƙafa zai zo. Na tarar da mutanen karkara kwance a tabarmi cikin rumfar jira, nan suka kwana, mai shayi kuma ya riga ya hura wuta. Aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya zauna inda lambarsa take. Lokacin da aka rubuta a tikiti da lokacin da muka fita ƙofa, tsakaninsu bai kai kwata ba. Duk wanda ya taɓa wuni a tasha ɗan kamasho na rantse masa cewa saura mutum ɗaya a tashi, ya san darajar wannan. A ganina rabin kuɗin tikitin nan na cika alkawarin lokaci ne.

Motar sabuwa ce, ƙirar Sin, kujera na kwantawa baya, akwai wurin cajin waya duk da nawa bai kawo wuta ba, na maƙwabciyata muka yi karɓa-karɓa. Na'urar sanyi da asuba har ta yi yawa, sai da na lulluɓa wa yaro mayafina. Wajen Takeita, inda hanyar Matamai da Kano ta rabu, direba ya tsaya aka yi sallar asuba ba tare da kowa ya roƙa ba, ya kuma jira har tsofaffi suka idar a natse.

Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, don haka hanyar nan ba ta barina barci. Cikin duhu muka wuce Tirmini, inda dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da sojan Faransa a ƙarshen Yulin 1899. Gari na wayewa sai ga Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin nan biyu da suka yi wa Ƙwanni kisan gilla a watan Mayu na shekarar, kafin sojojinsu su juya musu su kashe su a Yuli. Wato hanyar da suka biyo daga yamma ita nake bi a juye, har garin da suka ƙone. Shekara nawa ina zana wannan layi a allo, ƴan ajina na haddace sunayen garuruwan don jarrabawa, alhali da yawansu ba su taɓa wuce Takeita ba. Na so in tashi auta in nuna masa, na ga barci ya yi masa daɗi, na ƙyale shi.

Shingayen jami'an tsaro suna nan a bakin manyan garuruwa. Wani wurin jami'i ya hau ya duba kati, wani wurin kowa ya sauka ya wuce a ƙafa. Yaron motar ya iya aikinsa, tun kafin a iso yake bin layi yana cewa a fito da kati, shi ya sa ba mu daɗe ba, sai wuri guda da wani saurayi ya ce nasa ya ɓata. Wannan ba laifin kamfani ba ne.

Laifinsu yana Tasawa. An ce minti goma, a sha iska. Maza suka watsu, kowa ya sami bayan katanga, suka dawo suna cinikin kilishi. Mu mata muka yi layi a ƙofar ban ɗaki ƙwaya ɗaya, ƙofar ba sakata, randar ba ruwa. Wata dattijuwa da ke gabana ta sayi ruwan leda na dala biyar ta shiga da shi, ni ma haka na yi. Ba mu kai rabin layi ba direba ya fara danna oda. Kamfanin da ya iya sayen mota mai sanyi da talabijin bai gaza gina ban ɗakin mata uku da tanki ɗaya ba. Ni ƴar Damagaram ce, ba wanda zai koya mini wahalar ruwa, amma mun san yadda ake tanadinsa in an damu. Matan da ke ƙin shan ruwa tun daren tafiya don gudun wannan layi, cikin zafin da ya haura digiri 40, su ne ke isa gida da ciwon kai. Kilishin dai ya yi daɗi, ban hana Tasawa hakkinta ba.

Gazawa, Agye, Cadawa, da hantsi muna Maraɗi, kilomita wajen 240. Na miƙa rabin takardata aka ba ni jakunkunana, ba wadda ta yage. Ƙawata na bakin ƙofa tana jira. Kwanakin da na yi gidanta rabinsu hirar aji ce, yawan yara da ƙarancin tebura da wanda aka yi wa canjin wurin aiki, mijinta har ya ce mu dai ko a hutu ba mu fita lakwal.

Daga nan ne na ga ɗaya fuskar kamfanin. A Damagaram ni ce mafarin tafiya, mota a wanke take jirana. A Maraɗi kuwa na zama fasinjan tsakiyar hanya. Tikitin Madawa da suka sayar mini na motar da za ta taso daga gabas ne, ba lambar kujera, sai wadda wani ya sauka ya bari. Aka ce in zo ƙarfe takwas. Takwas ta yi, tara ta wuce, mai yankan tikiti ba abin da yake cewa sai "tana hanya, Hajiya". Waya na hannunsa, lambar direba na ciki, lambata ma na cikin kwamfutarsu, amma ba wanda ya ga ya dace a gaya mana taya ce ta fashe musu bayan Tasawa. Daga bakin fasinjojin da suka sauko muka ji. Fashewar taya ƙaddara ce, ɓoye labarin kuwa hali ne. Da motar ta iso, kujeru biyu da suka rage ɗaya na gaba ɗaya na can ƙurya kan injin. Wani bawan Allah ya dubi yaron ya ce, "Malama, dawo nan ke da ɗanki," ya koma bayan. Allah ya saka masa, amma tsarin zama bai kamata ya rataya a kan kirkin baƙo ba.

Gwaggo ta ga takalma ta ce sun yi mata yawa, ta kuma ƙi cire su. Da na tashi tafiya Ƙwanni, kilomita 90 kacal, na lissafa jiran bas na ga ya fi tafiyar kanta tsawo, sai na karya niyyata na shiga Hiyas, ƙaramar motar haya, a bakin hanya. An danna mu kamar buhunan albasar da muke wucewa a Galmi, inda kakar ta kama, jar albasa jibge hagu da dama ana loda wa manyan motoci. Gwiwata ta gaya mini, amma kuɗin bai kai na bas ba, kuma kafin azahar mun wuce masana'antar siminti ta Malbaza da mararrabar Tawa a Tsarnawa, ina gidan ƙanena ina shan fura.

Abin da ya fi burge ni a kamfanin ba ɗaukar mutane ba ne, aiken saƙo ne. Ƙanena ya haɗa mini buhun albasa, Gwaggo ta riga ta ɗora mini tabarmi biyu na kaba, ga yaro, ga jakunkuna. Matar ƙanena ta ce, "Yaya, kai su tasha ki aika, kada ki wahalar da kanki." Aka auna, aka rubuta sunan babban ɗana da lambarsa, na biya, aka ba ni rasit. Washegari da safe suka kira shi, ya je da katinsa ya karɓa, ina Ƙwanni ban ko ɗaura ɗankwalin tafiya ba. A nan sun san amfanin lambar waya. Buhun albasa ya sami kiran da ni ban samu ba a Maraɗi.

Dawowa ita ce jarrabawar gaske. Motar da ta baro Yamai da asuba tana isowa Ƙwanni rana na tsaka, ta riga ta ci kilomita fiye da 400. Wannan karon ƙanena ya san wani a tashar, an riƙe mana kujeru biyu a jere, abin da ya nuna ana iyawa in an so. Motar ba irin ta farko ba ce, ta tsufa, na'urar sanyinta tana hurawa har Madawa, daga nan ta koma fitar da iska mai ɗumi. Tagogin irin waɗannan motoci ba sa buɗuwa. Mutane suka yi ta magana, yaron mota ya buɗe ƙofar rufi, muka rayu da wannan da ruwan leda har la'asar ta yi sanyi. Kuɗin mota mai sanyi muka biya, ba wanda ya ce a yi haƙuri, balle a rage wani abu. Direban kuwa ba ni da abin cewa a kansa: bai yi gudun hauka ba, bai riƙe waya yana tuƙi ba, ya rage gudu a kowane ƙauye, ya tsaya azahar da la'asar da magariba. Bayan isha muka shigo Damagaram.

In doguwar tafiya za ka yi daga inda motar ke tasowa, Damagaram zuwa Maraɗi ko Ƙwanni ko Yamai, biya ka shiga, za ka tashi kan lokaci, kayanka su isa lafiya. In kuwa irin tawa ce, ta sauka nan kwana can, to tsarinsu ba don kai aka yi shi ba. Yanki tikitin dogon zango wajensu, gajerun ka yi su a Hiyas, kaya masu nauyi ka aika su gaba. Mace ta riƙo butarta da ruwanta. Kuma kafin ka biya na dawowa, tambayi wace mota ce za ta zo, sabuwa ko tsohuwa, don a watan Afrilu bambancin ba ƙarami ba ne. Hutun Disamba in Allah ya kai mu Gure nake son zuwa wajen ƴar'uwata, zan gwada wani kamfanin in ga ko su sun gina ban ɗaki.