Tafiya daga Jos zuwa ganin tsofaffin jiragen yaƙi a Umuahia: abin da kamfanin ya iya da abin da ya gaza

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke kusa da Taminus a Jos, wanda aka fi sani da kai ɗalibai da iyalai Yankari, ya ƙara sabuwar tafiya a jadawalinsa, wato ziyarar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia a Jihar Abiya. Kuɗin da ake biya ya haɗa da mota, da masauki, da tikitin shiga, da ɗan jagora mai jin Hausa. Na bi su, kuma ra'ayina shi ne wurin ya cancanci wahalar hanya, ɗan jagoran ya cancanci kuɗinsa, amma tsarin lokacin da kamfanin ya yi ya tauye wa matafiya ainihin abin da ya fito da su daga gida.

Hanyar doguwa ce, kuma ba laifin kowa ba ne. Ana gangarowa daga tsaunukan Filato ta Akwanga da Lafiya, a haye gadar Binuwai a Makurɗi, inda rundunar sojin sama take da babban sansani, sannan a miƙe ta Inugu a hau babban titin Fatakwal. Bas ɗin tana da tsabta, direban kuma ba mai gudun ganganci ba ne. Dabarar da ta fi burge ni ita ce tsayawa a kasuwar shanu ta Lokpanta, inda 'yan Arewa suke da yawa, aka yi salla aka ci abinci cikin natsuwa ba tare da wani ya tsaya tambayar wa ya yi yanka ba.

An buɗe gidan tarihin a 1985, kuma yana ƙarƙashin hukumar nan ta ƙasa da ke kula da gidan tarihin Jos, wanda shi tun 1952 yake. Ba a banza aka zaɓi Umuahia ba, domin a lokacin yaƙin basasar Najeriya nan ne Biyafara, wadda ta yi yunƙurin ɓallewa daga ƙasar, ta mayar da hedikwatarta bayan Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a Oktoban 1967, kuma a harabar ne ake da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gidan rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shirye daga ciki. Akwai zauruka na makaman gargajiya da na kakin soja, akwai jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, akwai motoci masu sulke da bama-baman Ogbunigwe da injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannu, amma jiragen sama, waɗanda ke jere a fili, su ne suka kai mu.

Na farko da ido ke sauka a kansa shi ne Ilyushin Il-28, jirgin jefa bama-bamai ƙirar Tarayyar Sobiyet mai injin jet biyu, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike. Hancinsa na gilashi ne, domin a nan mai duba hanya da saitin bam yake zama, a can wutsiya kuma akwai wani ɗan keji na mai harbi, wanda ke tafiya yana kallon baya tun daga tashi har sauka. Mutum uku ne ke aiki a cikinsa. Kusa da shi akwai MiG-17, wanda aka fara kawo wa Najeriya irinsa a Agustan 1967, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin, lokacin da rundunar sojin saman ƙasar, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, ba ta da jiragen faɗa na kirki. Idan mutum ya tsaya a gabansa, abin da zai gani wani ƙaton rami ne a hanci inda injin ke zuƙar iska, da fukafukai da suka karkata baya, da wurin manyan bindigogi uku a ƙasan hancin, ɗaya mai faɗin baki milimita 37, biyu masu milimita 23. Kujerar matuƙin matsattsiya ce ƙwarai, har wani ƙaƙƙarfan ɗan kasuwa da muke tare ya ce shi da kuɗi aka haɗa shi ba zai shiga ba.

Sai kuma ɗan ƙaramin jirgin da, a ganina, ya fi duk sauran labari. MFI-9B jirgin koyon tuƙi ne ƙirar Suwidin, mai farfela ɗaya da kujera biyu, wanda in an ajiye shi kusa da Il-28 sai ya zama kamar Keke Napep a gefen tirela. Wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, wanda tun farko kayan agaji yake kaiwa Biyafara, shi ya samo wa Biyafara guda 5, aka harhaɗa su a Gabon, aka shafa musu fentin ɓad-da-kama, aka ɗaura musu rokoki a ƙarƙashin fukafukai. Ranar 22 ga Mayun 1969 suka kai hari filin jirgin Fatakwal, daga baya suka taɓa na Benin da na Inugu. Suna tafiya ne ƙasa-ƙasa dab da kan itatuwa, yadda ba a ankara da su sai sun iso, kuma suna iya tashi daga ɗan fili a daji, saboda haka suka riƙa lalata jiragen da suka ninka su tsada tun suna ajiye a ƙasa. Duk wanda ya ga jiragen nan a fili ɗaya zai fahimci bambancin ƙarfin ɓangarorin biyu, ya kuma fahimci dalilin da ya sa yaƙin ya kai har Janairun 1970.

Ɗan jagoran matashi ne da ya karanta tarihi, kuma bai yi mana kwaskwarimar labari ba. Ya faɗa a fili cewa matuƙa 'yan Masar ne suka tuƙa da yawa daga jiragen tarayya a farkon yaƙin, kuma bama-bamansu sun sha faɗawa kan kasuwanni da asibitoci, har da na garin da muke tsaye a ciki. A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin yana saurayi. Da aka zo gaban MiG ɗin, sai yaron ya rusuna ya ce, "Baba, nan kam ku za ku yi mana bayani, mu a takarda muka gani." Dattijon ya ce shi sojan ƙasa ne, bai taɓa kusantar jirgin haka ba sai yau, abin da ya sani kawai ƙararsa ce, wadda ke zuwa bayan jirgin ya riga ya gifta. Wannan ladabi na sanin lokacin yin shiru ba kowane jagora ke da shi ba, kuma kamfanin ya yi dace da shi.

Inda suka gaza shi ne lissafin lokaci. An makara wajen barin masauki saboda karin kumallo bai zo da wuri ba, muka isa rana ta take, ga zafi mai ɗanshi wanda mutumin Jos bai saba da shi ba, kuma ba a tanadi isasshen ruwan sha a mota ba. Muna tsakiyar kallon jiragen wakilin kamfanin ya fara tafa hannu yana cewa a hanzarta, don kada dare ya riske mu a hanya. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Ojukwu, shugaban Biyafara, wanda ke wani sashe na garin kuma yana rubuce a takardar tallarsu, ba a kai mu ba, ba a kuma rage wa kowa ko sisi ba. Masaukin ba yabo ba fallasa.

Malaman tarihi da ɗaliban sakandare da na jami'a su ne za su fi amfana, sai kuma iyalan tsofaffin sojoji, amma ban ga hikimar ɗaukar ƙananan yara a wannan doguwar hanya ba. Wanda zai biya kuɗi ya nemi a rubuta masa cewa za a ware yini guda cur don gidan tarihin, ya tabbatar da cewa jagora mai jin Hausa yana cikin tafiyar, ya kuma zaɓi lokacin rani, domin jiragen a waje suke kuma ruwan sama na Abiya idan ya tsuge ba ya barin kowa ya tsaya a fili.