Littafin hoto ko tatsuniya: wanne ya fi koya wa yaro "me ya jawo"?

Malama, kin ce 'yan ajinki na uku suna karanta labari tsaf, amma da kin tambaye su abin da ya jawo wani abu a cikinsa sai su yi tsuru-tsuru. Kina so ki san ko ki nemi littafin hoto, ko ki ci gaba da tatsuniyar da kika saba yi musu. Na gwada duka biyun a wata firamaren ƙauye a yankin Ringim, ga kuma abin da na gani.

Tatsuniya ba ta cin ko kwabo, kuma da kin ce "ga ta nan ga ta nanku" har na can baya da ke tsokanar juna za su nutsu. Inda take ba ni wahala kalma ɗaya ce: "sai". Ɗauki ta Gizo da hankaki. Sai suka ara masa gashi, sai suka tashi zuwa ɓauren tsakiyar ruwa, sai ya hana su ci, sai suka karɓe gashinsu, sai ya faɗa ruwa. Wannan "sai" ɗin wani lokaci tana nufin "bayan nan", wani lokaci kuma "shi ya sa", yaro kuwa duk ɗaya yake jin su. Na taɓa tambayar aji me ya sa Gizo ya faɗa ruwa, wani ya ce saboda an ce ƙurunƙus. An yi dariya, amma ni ban ga laifinsa ba: abin da ya ji a ƙarshe ya kama. Magana iska ce, ta wuce ta wuce, ba inda zai koma ya duba.

Nan littafin hoto ya yi mata fintinƙau. Shafi yana nan inda kika bar shi. A ce shafin farko yarinya ta ɗaure akuya sako-sako tana sauri ta tafi ɗiban ruwa, na biyu zakara yana cara a kan danga, na uku akuya ta zura kai cikin shanyar gero. Ki tsaya a na uku ki ce, "Koma baya, ɗora yatsa a kan abin da ya jawo wannan." Wasu za su nuna zakara, don shi ne na kusa. Madalla, darasin ya samu ke nan. Ki rufe zakaran da tafin hannu ki tambaya: in babu shi, akuya za ta ci geron? Za ta ci. Ki rufe ƙullin igiyar: in da an ɗaure tamau fa? Ba za ta ci ba. Wannan rufewar ba ta yiwuwa a tatsuniya, kuma ita ce ke raba wa yaro abin da ya riga faruwa da abin da ya haddasa.

Sai dai hoto ma yana da nasa aibin. Yaro mai wayo zai karance hoton ya bar rubutun, ki ɗauka ya fahimta alhali ko layi ɗaya bai bi ba. Maganinsa, bayan ya nuna da yatsa, ki sa ya nemo kalmar da ke ɗauke da dalilin a cikin rubutu: saboda, domin, don haka, shi ya sa. Sannan ga ciwon kanmu na kullum, littafi ɗaya kamar tafin hannu, yara kusan tamanin a zaune a ƙasa. Na sahun gaba ne kawai ke ganin ƙullin igiyar.

In zaɓi ɗaya za a ba ni don wannan darasi, hoto zan ɗauka. Tatsuniya kuma in ajiye ta don gwaji: a ranar Alhamis su maimaita ta Gizo, amma duk inda "sai" ta zo, su faɗa ko za a iya sa "shi ya sa" a wurinta. Yaranmu ba baƙin dalili ba ne fa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 za su jero miki ruwan sama, cikar kogi, rushewar ɗakin ƙasa da tsadar hatsi ba gargada. A takarda ne suke ɓacewa.

Batun kuɗi kuwa, shafin African Storybook yana da labaran Hausa masu hoto kyauta, in kin shiga gari ki sauke a waya. Ni dai kwalin taliya nake yankawa gida huɗu, in sa wani ɗan aji shida ya zana mini da gawayi, manya-manya yadda na baya zai hango. Akuyarsa ta fi kama da kare, amma igiyar tana fitowa raɗau.