Dogon farce da fuskar waya: ta da da ta yanzu

Wata 'yar uwa ta tambaya: tun da ta sa farcen kanti saboda bikin ƙanwarta wayarta ta daina jin taɓawa, alhali tsohuwar Nokia da ta taɓa riƙewa da farce ma take danna ta. Ko wayar ce ta samu matsala?

'Yar uwa, wayarki lafiya lau take. Fuskokin biyu ne ba iri ɗaya ba.

Ta da, irin ta Nokia 5800 da ta fito a 2008, dannawa take ji. Shimfiɗa biyu ce a jere da ɗan rata a tsakani, idan kika danna sai su haɗu, wayar ta gane wurin. Ba ruwanta da abin da ya danna: farce ne, tsinken sakace ne, ko ɗan sandan da ake sayar da ita da shi. A nan mai dogon farce ita ke da riba, don tsininsa ya fi yatsa saiti.

Ta yanzu kuwa, irin wadda iPhone ta yaɗa tun 2007 kuma Tecno, Infinix da Samsung ke amfani da ita, ba ƙarfi take nema ba. Akwai ɗan lantarki a ƙarƙashin gilashin, fatar mutum ce ke motsa shi. Farce, naki ne ko na roba, ba ya ɗaukar lantarki yadda fata ke yi. Ko ki ƙwanƙwasa har gobe, shiru za ki ji, ƙarar kawai za ta dami na kusa da ke. Wahalar ta fi fitowa a rubutu: farcen na riga yatsa isa gilashi, sai ki kwantar da yatsan, ya taɓa harafi biyu lokaci guda. Harafin da ke gefe da lambar sirrin banki su suka fi ba da haushi.

A ganina kada ki canja waya saboda farce. Ki riƙa taɓawa da gefen babban yatsa ko gaɓar yatsa, ki ƙara girman allon rubutu, ko ki kunna rubutun jan yatsa a Gboard, wato allon rubutu na Google. Biron waya mai kan roba ta musamman da ke ɗaukar lantarki ma yana yi, amma biron rubutu na takarda ba zai yi ba, irin matsalar farcen gare shi. In kin liƙa gilashin kariya mai kauri, ki duba saitin ƙara jin taɓawa, wasu wayoyin suna da shi.

Sauran kuma saƙon murya ya wadatar har a gama biki.